Kada Ka Binne Jarinka a Bulo: Fara Kiwonka da Kejin Falet



Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu son fara kiwon kaji ita ce: "Malam, nawa zan tanada in gina ɗakin kaji?" Amsata ɗaya ce kullum, kuma na san ba kowa take yi wa daɗi ba. In kajin da za ka fara da su ba su wuce hamsin ba, kada ka gina komai. Ka nemi falet, ka kira kafinta ya haɗa maka keji, sauran kuɗin ka riƙe su don abinci da rigakafi. Yau zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi inda falet ɗin yake da haɗari, don wallahi yana da shi.

Ga wanda bai gane abin da nake nufi ba, falet shi ne dandamalin katakon nan da ake jera kaya a kai a cikin kwantena ko sito, motar ɗaga kaya ta zura ƙahonta a ƙarƙashi ta ɗauke shi gaba ɗaya. Tayil, farantan sola, batura, janareto, injina, duk a kansa suke zuwa. In an sauke kaya, mai shago ba shi da sauran buƙatarsa. Wani ya jingine shi a bayan shago rana da ruwa su cinye, wani ya sayar wa masu shayi da masu tuya su hura wuta. Da wannan katakon nake cewa mu fara.

ME YA SA NA CE FALET?

Na farko, lissafi. A kiwon kaji abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da za ka kashe. Buroila hamsin za su ci buhu takwas zuwa goma mai kilo 25 kafin su isa sayarwa a sati shida ko bakwai, kuma mafi yawan cin a satuttukan ƙarshe yake. To abin da ke faruwa da sabon makiyayi shi ne, zai sayi bulo da siminti da kwano, ya biya magini, har da fenti. Ranar da 'yan tsaki suka iso aljihu ya riga ya yi sauƙi. A sati na huɗu, daidai lokacin da kaji suka buɗe ciki, kuɗi sun ƙare. Sai a koma gauraya musu dusa, girma ya tsaya, a sayar da su a wulaƙance. Ku zagaya unguwanninmu ku ƙirga ɗakunan kajin da suka koma wurin ajiye buhunan masara ko babur. Ginin na nan daram, kiwon ne ya mutu.

Na biyu, halin da yankinmu yake ciki. Babu wanda zan ba labarin abin da matsalar tsaro ta yi mana a shekarun nan. Mutane nawa suka rabu da shanunsu? Nawa suka baro ƙauyukansu suka dawo gari suna zaman haya ko zaman gidan 'yan uwa? Kiwon da ake yi a cikin gida, a bayan katanga, shi ne ya rage wa da yawa daga cikinmu, musamman mata. Wanda ke gidan haya ba zai yi gini a filin wani ba. Kejin falet kuwa, in aka haɗa shi da noti, a rabin yini za a kwance shi, a ɗora a Keke Napep ko amalanke, a kafa shi a wani wuri. Ɗakin bulo ba ya bin mai shi.

Na uku, itace. Da can mutum zai shiga daji ya saro gofa da sanduna ya kafa rumfa. Yanzu shiga dajin ma sai an yi tunani, sabon katako kuma kowa ya san yadda kuɗinsa yake. Falet katako ne da aka riga aka yanka, aka daidaita, aka busar.

Na huɗu, lafiyar kajin. Kejin da aka ɗaga sama, kashi yana zuba ƙasa ta tsakanin katako, kaji ba sa kwana a kansa ba sa tsattsagarsa. Cutar kashin jini ta hanyar kashi take yaɗuwa, kuma danshi ne abokinta. Da damina irin tamu ta kudancin Katsina, wanda ya taɓa fama da jiƙaƙƙen ɓuntu a ɗakin ƙasa ya san abin da nake faɗi. Ga kuma kashin da za ka riƙa kwashewa tsaf daga ƙarƙashi. A ƙasar masara irin Faskari da Sabuwa da Ɗandume, buhun kashin kaji ba ya rasa mai saye.

AMMA BA KOWANE FALET BA

Nan ne nake rabuwa da masu cewa "ai katako katako ne". Araha ba ta ado, in ji Bahaushe. Kafin ka biya ko sisi, ka juya falet ɗin ka duba gefensa, a jikin ƙafafunsa. Wanda ya tsallako daga ƙasar waje yana ɗauke da tambari. Dalili kuwa, akwai ƙa'idar duniya da ake kira ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Ƙa'idar ta ce duk katakon ɗaurin kaya da zai tsallaka iyaka sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa, a buga masa shaida. Za ka ga alama mai kama da zangarniyar alkama da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na ƙasar da ya fito, misali CN ƙasar Sin, IN Indiya, TR Turkiyya, DE Jamus. Bayan lambar kamfani sai haruffan da suka fi damunmu:

HT: da zafi aka gasa shi, har tsakiyar katakon ta kai digiri 56 na tsawon minti 30. Babu magani a ciki. Wannan ne namu.

KD: an busar da shi a tanderu. Sau da yawa za ka gan shi tare da HT. Shi ma lafiya lau.

DB: an ɓare ɓawon itacen ne kawai. Ka duba haruffan da ke tare da shi.

MB: an turara shi da iskar guba mai suna metil buromaid. Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010, amma wasu ƙasashe suna yi har yanzu. Gaskiya ne yawancin iskar tana fita daga katakon bayan lokaci, amma ni ba na sa shi a inda kaza za ta kwana ko ta tsattsaga. Tunda ga HT, me ya kai ka?

Akwai kuma masu shuɗin fenti ko ja, masu kyau da nauyi. Irin waɗannan yawanci na kamfanonin haya ne, kamar shuɗin nan na CHEP. Ba na sayarwa ba ne, mayar da su ake yi. In ka ga wani yana ba ka su a ɓoye da arha, ka bar masa kayansa, kada neman halal ya kai ka ofishin 'yan sanda.

Tambari dai yana gaya maka abin da aka yi wa katakon a masana'anta. Abin da ya ɗauka bayan nan kuwa, sai ka tambaya, ka duba, ka sunsuna. Mu a yankin noma muke, maganin feshi da maganin ciyawa da taki suna shigowa tirela-tirela, kuma a kan falet ake jera su. Katako yana shan abin da ya zuba masa. In ka ga tabon mai, ko wani launi da ba ka gane ba, ko farin gari a tsaga, ko ka ji wari, ka wuce ko kyauta ne. Kada wani ya ce na cika tsoro. A 2009 da 2010 kamfanin da ke yin maganin Tylenol a Amurka ya janye magunguna masu ɗimbin yawa daga kasuwa saboda wani wari da masu saye suka riƙa ji, aka bi diddigi aka gano daga sinadarin da aka sa wa katakon falet ne. Magani ne a rufe cikin kwalba. To ina ga ɗan tsakon da ke kwance a kan katakon kai tsaye?

Sai doka ta ƙarshe: kada ka sayi falet ko tsohon keji daga wata gonar kaji, musamman wadda aka ce "sun daina kiwo". Ka tambayi kanka me ya sa suka daina. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, kuma irin waɗannan cututtuka a jikin kaya, takalmi da tayar mota suke tafiya daga gona zuwa gona.

Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne falet ɗin tayil, na sola da na injina. Ka tambayi masu waɗannan shaguna a Funtua da Zariya. In kana da mai zuwa Kano ko Kaduna, can masana'antu da manyan situna suka fi yawa. Ga tashar sauke kwantena ta kan tudu da aka buɗe a Funtua a 2024, bayan ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023. Duk inda kwantena ke sauka, falet na biye da ita. Abin da ke cinye ribar shi ne kuɗin mota, don falet ɗaya yakan kai kilo 20 zuwa 25 kuma yana cin wuri. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauko lodi ɗaya, ko ku yi magana da direban da ya kai hatsi Dawanau zai dawo babu kaya.

YADDA NAKE SO A HAƊA SHI

Girman da aka fi samu biyu ne: santimita 120 da 100, sai na Turai mai 120 da 80. In ka jera huɗu na farko, biyu a gaba biyu a baya, ka samu daɓe mai mita 2.4 da mita 2, wato murabba'in mita 4.8. Wannan zai ɗauki manyan buroila arba'in, ko noila da kajin ƙwai ashirin da biyar. Da bazara ka rage, cunkoso da zafi su ne ke kashe buroila a watan Afrilu. Gaba ɗaya ka lissafa falet goma: huɗu na daɓe, sauran a kwance su a yi ginshiƙai, ƙofa da cike giɓi.

Cike giɓin nan kada a yi wasa da shi. Ratar da ke tsakanin katakon falet ta yi wa ƙafar kaza faɗi, za ta zurma ta karye. Ka sa kafinta ya tsaga katako ya cike har ratar ta dawo kamar santimita biyu, faɗin babban yatsa ke nan. Kashi zai wuce, ƙafa ba za ta wuce ba. 'Yan tsaki kuwa ba a ɗora su a kan rata ko kaɗan. A shimfiɗa kwali ko buhu, a zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako na sati biyu zuwa uku na farko.

A ɗaga daɓen daga ƙasa kamar santimita 60 zuwa 80, yadda shebur zai shiga. Bango kada a rufe shi da katako. Daga ƙasa a yi katako kamar kamu ɗaya da rabi, sauran duka ragar waya mai ƙananan ido, saboda ɓera da gafiya da muzuru da maciji. Da hunturu sai a saki labulen buhu da dare, a naɗe da rana. Tsawon kejin ya miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, rufin kuma ya zarce bango sosai saboda feshin ruwan sama. In kwano ne a ɗora masa zana ko karan dawa a sama, zafi zai ragu.

Ƙusa ita ce aikin da ya fi cin rai. Falet na Turai guda ɗaya yana da ƙusa 78. Duk wadda ta leƙo a cire ta ko a lanƙwashe, a bi da hannu a shafa ko'ina, a share ƙasa tas. Kaza tana haɗiye ƙaramar ƙusa, yaro kuma yana takawa. Bayan an gama a wanke da ruwa da omo, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi a rana kwana uku zuwa sati. Duk wannan kafin ka biya kuɗin 'yan tsaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MASU SUKA KE FAƊA

Suna cewa gara za ta cinye shi. Gaskiyarsu. Yawancin falet katako ne mai laushi, kuma gashin HT yana kashe ƙwarin da ke ciki ne a lokacin, ba ya hana gararmu hawa gobe. Maganin shi ne kada katako ya taɓa ƙasa. A ɗora kowace ƙafa a kan dutse ko bulo guda, a riƙa leƙawa duk sati, in an ga hanyar gara a rushe. Masu shafa baƙin mai, ku tsaya a ƙafafun kawai, kada ya kai inda kaji ke kwana.

Suna cewa ƙuma da ƙwarƙwata suna ɓuya a tsagar katako. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban aibin kejin katako. Wasu ƙwarin da rana suna cikin tsaga, da dare suke fitowa su sha jinin kaji. Ka riƙa haska fitila da dare kana dubawa. Duk lokacin da ka sayar da zubi ɗaya, ka kankare, ka wanke, ka yi feshi, ka bar kejin babu komai na sati biyu. Shafa farar ƙasa yana toshe ƙananan tsaga kuma yana sa ka ga ƙwaro da wuri, amma ba ya maye gurbin feshi.

Suna cewa ba ya daɗewa. To, ai ban ce ka bar wa jikokinka gado ba. In ya yi maka shekara biyu ko uku, ya koya maka kiwo, ya tara maka kuɗin bulo, ya gama aikinsa.

Abin da masu sukar ba su cika ambata ba, ni kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne wuta. Busasshen katakon falet yana kamawa kamar ashana. Mu kuma da kaskon gawayi muke ɗumama 'yan tsaki. A ɗora kaskon a kan faifan ƙarfe ko tayil, a kewaye shi da raga, a bar kafar iska, kuma kada a jingina kejin da ɗakin kwana.

MASU KIFI FA?

Muna da madatsar ruwa a Mairuwa, mutanenmu sun san kifi sun san kasuwarsa, shi ya sa matasa da yawa ke sha'awar tarwada a tamfol. Ana iya yi wa tamfol gida da falet, amma a nan ina ja wa mutane birki. Ku yi lissafin da ni. Falet shida a tsaye, biyu-biyu a dogayen ɓangarori, ɗaya-ɗaya a kai da ƙarshe, za su ba ka kwami mai mita 2.4 da 1.2. In ka zuba ruwa zurfin santimita 80, lita 2,300 ke nan, nauyin tan biyu da ɗoriya. Kowane dogon bango ruwa yana tura shi da ƙarfin da ya haura kilo 750, kuma mafi yawan turin a ƙasa yake. Ƙusa kaɗai ba za ta riƙe wannan ba. Sai an kafa turaku a ƙasa a kowace kusurwa da kowace mahaɗa, an ɗaure da noti, an zagaye da rodi ko igiyar ɗaurin lodi, musamman daga ƙasa. Gindin tamfol ya zauna a kan ƙasa da aka daidaita aka zuba yashi, kada a ɗora shi a kan falet. Ciki kuma a lulluɓe da kwali ko falanki, don kada tamfol ya kumbura ta tsakanin katako ko ƙusa ta huda shi.

Irin wannan ya isa renon 'ya'yan kifi, ko tarwada ɗari zuwa ɗari da hamsin in kana canja ruwa a kan kari. In ka wuce haka, ka nemi firam na bututun ƙarfe ko ka yi gini. Kejin kaji in ya karye, kaji za ka bi ka kama. Kwamin kifi in ya fashe da tsakar dare, da safe gawa za ka tsinta. A kuma rufe samansa da raga saboda ƙananan yara.

Masu banda kuma don Allah, guntayen falet mai fenti, ko mai MB, ko wanda ba a san abin da ya ɗauka ba, kada a banda kifi da su, kada a dafa abinci da su. Hayaƙin a jikin kifin yake zama, mutane ne za su ci.

KO KANA DA GINI, KA SAYI GUDA BIYU

Ko da ka ƙi duk abin da na faɗa, wannan ɗaya ka ɗauka. Buhun abincin kaji ko na kifi kada ya kwana a kan siminti ko ya jingina da bango. Yana jan danshi, ya yi fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, ta tsayar da girma, ta rage ƙwai. An gano wannan guba ne bayan talotalo kusan dubu ɗari sun mutu a Ingila a 1960 saboda ƙulin gyaɗa mai fumfuna a abincinsu. Falet biyu a ƙarƙashin buhuna, da 'yar rata tsakaninsu da bango, sun raba ka da wannan. Masara da waken suyan da ka ajiye don haɗa abinci ma haka.

Guntayen da suka rage kuma ba a zubarwa. Akwatin ƙwai mai santimita 30 ta kowane gefe, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Sandar hawa. Ɗakin tattabaru. Kejin zomo ga yara. Mazaunin randa, ko kantar kwanuka ga uwargida, don ita ma ta san an shigo da katako gidan.

Ba gaba nake da bulo ba. Ranar da ka fitar da zubi uku ko huɗu, ka rubuta abin da ka kashe da abin da ka samu, ka san masu sayenka, ka iya jadawalin Lasota da Gumboro ba tare da ka tambayi kowa ba, to ka yi gini, kuma ka yi shi da kuɗin kaji. Kafin nan, kada kunyar a ce kejinka na talaka ne ta sa ka zuba jarinka a bango. Mai sayen kaza nauyinta yake ɗagawa, ba ya tambayar inda ta kwana.

Wanda ya riga ya haɗa nasa, ya ɗora mana hoto a ƙasa, ya faɗi falet nawa ya ci da kuma matsalar da ya fuskanta, sababbi su amfana. Wanda kuma ya ga tambarin da bai gane ba, ya ɗauki hotonsa ya turo kafin ya biya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a yankinmu. Amin.